Sarƙar Bayanai da Amanar Majiyyaci: Nazari Daga Wudil

1.0 Gabatarwa

Binciken magani ba ya yiwuwa sai da bayanan majiyyata, su kuwa bayanan nan amana ce. Manufar wannan 'yar takarda ita ce ta duba yadda fasahar bulokcen, watau sarƙar bayanai, za ta iya tsare wannan amana a wuri kamar Wudil.

2.0 Tushen Matsala

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Kano. Kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, inda aka sa yara wajen 200 cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi izininsu ba. Kamfanin ya ce an nema da baki. Daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewa da gwajin an rubuta ta ne bayan an gama, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

3.0 Yadda Sarƙar Take Aiki

A adashi, idan littafi yana hannun uwar adashi kaɗai, tana iya goge suna. Idan kuwa kowane ɗan zubi yana da kwafi, maguɗi ya yi wuya. Haka sarƙar take: kundi ne guda da kwamfutoci da yawa suke riƙe da shi. Kowane shafi yana ɗauke da lokacin rubuta shi da hatimin lissafi na shafin da ya gabace shi. Da zarar an taɓa harafi ɗaya, hatimi ya sauya, sauran kwafe-kwafe su tona asiri. Fasahar ta shahara ne da kuɗin Bitcoin a 2009, amma ƙasar Istoniya ta ɗauke ta a 2016 domin gane duk wanda ya taɓa bayanan lafiyar 'yan ƙasarta.

Alal misali, a ce masu bincike a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote suna nazarin tsargiya a ƙauyukan bakin kogin Wudil. Katin majiyyaci zai zauna a Babban Asibitin Wudil. Ba a ɗora shi a kan sarƙa. Abin da ake ɗorawa shi ne hatimin katin, da izinin mai shi, da sunan duk wanda ya duba. Ta haka ba mai iya ƙago izini bayan aiki ya wuce.

4.0 Iyakarta

Sai dai sarƙa tana tabbatar da cewa an rubuta abu, ba ta tabbatar da cewa gaskiya aka rubuta. Uwar da ta dangwala yatsa ba tare da an yi mata bayani da Hausa ba, ba ta ba da izini ba, kome ƙarfin hatimi. Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum damar janye izininsa, alhali abin da ya hau sarƙa ba ya goguwa. Shi ya sa ake barin ainihin katin a waje. Ga kuma matsalar wutar lantarki da katunan da ake cikewa da hannu.

5.0 Naɗewa

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan bulokcen a 2023. Aikin da ya rage wa ɗaliban Hausa shi ne samar da kalmomi da takardun neman izini waɗanda masunci da manomi za su fahimta kafin su ce sun yarda.