Harbin Saiti: Gyaran Da Ba Ya Cin Kuɗi, Da Wanda Zai Kai Ka Kurkuku

Wanda yake leƙa Facebook ko TikTok a watan Agustan 2024 ba zai manta da hoton wani dattijo ɗan ƙasar Turkiyya ba, Yusuf Dikec, wanda ya tsaya a gasar Olamfik ta birnin Paris da hannu ɗaya cikin aljihu, sanye da tabarau irin na kowa, ya ci lambar azurfa a harbin ƙaramar bindigar iska. Abokan karawarsa sun sha kayan zamani a ido da kunne, shi kuwa kamar wanda ya fito sayen kati. A hostel mun yi ta dariya, amma darasin da ke cikin hoton shi ya sa na ɗauki biro: a wasan harbin saiti, abin da ke gyara sakamako galibi ba a shago ake sayensa ba.

Kafin komai, doka

A halin da yankinmu yake ciki, maganar bindiga ba ta wasa ba ce, don haka da doka zan fara. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma bindigar iska tana cikin wannan rukuni, duk da mutane na ɗaukar ta kamar kayan wasa. Sai bindigar toka irin ta maharba, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinta. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga, harhaɗa ta ko gyara ta ba tare da izini ba.

Ma'ana, ɗan'uwa, kasancewar ka iya aiki da injin wokshop bai ba ka damar taɓa bututu ko kunamar bindiga ba. Kuma ko da lasisi, makami ba ya shiga makaranta. Wanda aka kama da shi a nan Gesse, difilomarsa ce za ta fara tafiya kafin a zo maganar kotu. Duk abin da zan kawo a ƙasa, a wajen bindigar ake yin sa, a gaban mai lasisi, a wurin da ya dace.

Yadda na koya

Ina da kawu, tsohon ma'aikaci, mai gonar shinkafa a fadama ta hanyar Argungu. Yana da bindigar iska mai sifirin, da takardunta. A hutun bara ya bar ni na gwada. Na kafa kwali a nisan mita 10, na yi harbi biyar, sai ga ramuka sun watse kamar an watsa wa kaji tsaba, tazarar kusan santimita 6. Nan take na ce, "Kawu, wannan bindigar ta tsufa, sai an sa mata madubin hange." Ya yi murmushi ya karɓa, ya harba biyar, ramukan suka taru wuri guda. Ya ce, "Yaro, ba bindiga ka harbi ba, mutum ka harbi."

Don ku ga inda wasan ya kai: a Olamfik, inda harbin bindigar iska ya shiga tun 1984, nisan mita 10 ne, faɗin harsashin milimita 4.5, ɗigon tsakiya mai maki goma kuwa rabin milimita ne kacal, kuma harbi 60 ake yi a tsaye. Da wannan wasa ne Abhinav Bindra ya kawo wa Indiya lambar zinarenta ta farko ta mutum ɗaya a 2008.

Auna kafin ka gyara

Mun yi wannan a aji tun shekarar farko: taruwar sakamako wuri guda daban, faɗawa kan abin da ake nufi daban. Idan ramuka biyar sun taru amma a gefen hagu, matsalar ƙarama ce, ma'aunin saiti za a matsar. Idan sun watse, matsar da saiti ɓata lokaci ne, domin kowane harbi da irin kuskurensa.

Saboda haka gyara na farko littafi ne da rula. Harba biyar, auna tazarar ramuka biyu mafi nisa daga tsakiya zuwa tsakiya, rubuta tare da kwanan wata da yanayin iska. Sannan canza abu ɗaya tak, ka sake. Wanda ya canza abu uku lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Ga ɗan lissafi. A ce tsakanin saitin baya da na gaba santimita 40 ne, allo kuma yana mita 10. Raba 1,000 da 40, ka sami 25. Wato kuskuren milimita ɗaya a idonka zai zama milimita 25 a jikin allo. Wannan lambar ita ce dalilin duk abin da ke biye.

Abubuwa huɗu na kusan kyauta

Na ɗaya, matashin ɗorawa. Yanke ƙafar tsohon wandon jins, cika ta da busasshen yashi ko ɓuntun shinkafa, wanda ba ma rasa shi a Kebbi, ka ɗinke baki biyu. Amma a kula: bindiga mai sifirin tana girgiza kafin harsashi ya fita, don haka ba ta son a ɗora ta kan abu mai tauri ko a matse ta. Ɗora bayan hannunka kan matashin, bindigar ta kwanta a tafinka, a wuri ɗaya kullum.

Na biyu, matashin kunci. Idan kuncinka yau yana nan gobe yana can a jikin ƙotar, idonka ma haka, kuma ka ga abin da milimita ɗaya ke jawowa. Guntun soson tsohon silifas, a naɗe da ƙyalle, a ɗaure da robar tsohon tub, ya isa. Ba a huda komai ba, ana iya cirewa.

Na uku, notin ƙota. Girgizar sifirin tana kwance su a hankali. Mai bindigar ya riƙa duba su da sukundireba kafin a fara, ya ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba. A wajen kawuna, ɗaya daga cikinsu ya yi sako-sako ba mu sani ba.

Na huɗu, harsashi iri ɗaya. Kada a gauraya gwangwani biyu, kuma duk wanda gindinsa ya lanƙwashe a ware shi. Da waɗannan huɗun kaɗai, kafin hutu ya ƙare tazarata ta sauko ƙasa da santimita 3, ba mu sayi madubin ba.

Abin da ke bayan allo

Wannan ya fi duk na sama muhimmanci. Cika babban kwali da tsummoki, a danna su sosai, a jingina shi da katangar ƙasa. Kada a harbi siminti, ƙarfe ko saman ruwa, domin harsashi na iya dawowa ko ya kauce. Sa tabarau irin na wokshop. Bakin bindiga kada ya kalli mutum ko da ka rantse babu komai ciki, yatsa kuma ba ya hawa kunama sai an gama saiti. Harsashin na darma ne, guba ce: kada a riƙe shi a baki, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Kura-kurai biyu da ke kashe bindigar sifirin: harba ta babu harsashi, da ɗura mata man inji ta ramin iska, wanda matsin iska ke iya kunna shi ya ƙone robar ciki. Tsumma mai ɗan maiƙo a goge bayan ƙarfen saboda tsatsar damina, da jakar zane saboda ƙurar hunturu, sun wadatar. Abin da ya wuce haka aikin mai izini ne.

Ga wanda ba shi da kawu

Yawancinmu ba mu da hanyar taɓa bindigar iska, kuma ban ce kowa ya je nema ba. Harbin saiti ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, yana da gasar harbin kibiya da ta gwafa, wadda wasu ke kira danƙo. Dokokin duk ɗaya ne: roba biyu tsawo ɗaya, tsakuwa ko ƙwallon laka masu nauyi ɗaya, jan robar zuwa wuri ɗaya a kunci, kwalin tsumma a baya, littafi a gefe.

Shawarata ga ofishin wasanni na ƙungiyar ɗalibai ita ce a nemi izinin hukumar makaranta a gwada gasar kibiya ko gwafa a makon ɗalibai, a keɓe fili, a sa mai kula. Ni dai na kusa miƙa furojet in kama gabana, amma idan aka shirya kafin mu fita, a rubuta sunana farko. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kawo mana zaman lafiya a Kebbi da ƙasa baki ɗaya.