Kafin ku ɗauko yaron riƙo daga wata ƙasa

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma idan za a tsallaka iyaka da yaro, doka ce a gaba. Yarjejeniyar Hague ta 1993 ta tanadi a fara nema masa gida a ƙasarsa, kuma iyayensa su amince ba don an ba su kuɗi ba. Habasha ta daina ba baƙi riƙon yaranta a 2018, Sin ma ta daina a 2024, don haka ku binciki dokar ƙasar tun kafin ranku ya kwanta da wani yaro. Ku guji dillalin da ya ce zai gaggauta muku takardu. Yara da dama an kira su marayu alhali iyayensu na raye.

Ga Musulmi, kafala ce hanya. Yaro yana riƙe sunan mahaifinsa, kuma ba ya gadonku, sai ku yi masa wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba.

Idan ya iso, zai iya ƙin abinci ko ya kwana yana kuka. Ku rage 'yan barka a makonnin farko, ku koyi 'yan kalmomi na harshensa, kada ku ɓoye masa asalinsa, sannan ku kai shi likita a duba katin rigakafinsa.