Darasi: In kamyo ya ƙi tashi bayan gyaran pompon mai

Albasar kwarin Tarka da ta Tamaske ba ta zuwa kasuwa da ƙafarta. Kamyo ke kwasar ta daga gundumomin Madawa, Buza da Kaita, ya kai ta har Kumasi, Akara da Abijan. In mota ta kwana uku a tsaye da kaya cikin rana, albasa ta fara ruɓewa. Manomi ya yi asara, ɗan kasuwa ya yi asara, direba ya rasa ladan tafiya.

Sau da yawa matsalar tana zuwa ne bayan an gyara pompon mai. An biya kuɗi, an ɗaura pompo, inji ya ƙi tashi. Sai a ce makaniki ya ci amana. Amma galibi laifin ba cikin pompo yake ba, wajen ɗaurawa yake.

Yadda injin gazuwal ke aiki

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago wannan inji, ya yi aiki sosai a shekara ta 1897. Ba tartsatsin wuta ke kunna mansa ba, kamar injin esansi. Inji yana matse iska har ta yi zafi ƙwarai. Sai pompo ya tura gazuwal da ƙarfi, enjekter ta fesa shi cikin iskar, ya kama wuta. Don haka inji na son abu uku: mai ya iso babu iska a cikinsa, ya iso a kan lokaci, inji kuma ya juya da sauri.

Na farko: a dubi hayaƙi

Yaron mota ya tsaya wajen bututun hayaƙi, direba ya murza makulli. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isowa. In farin hayaƙi ya fito, mai ya iso amma ba ya ƙonewa.

Na biyu: in babu hayaƙi

A duba tanki, a tabbata akwai mai. A duba abin kashe inji. A wasu motoci waya ce ake ja da hannu: a ga ko ta koma wurinta. A wasu ƙaramar wayar lantarki ce a jikin pompo, kuma ana yawan mantawa da ita bayan gyara.

Sannan a fidda iska. Duk lokacin da aka kwance pompo, iska tana shiga tiyo. Iska tana matsuwa, don haka pompo ba ya iya tura mai. Ga yadda ake yi:

1. A sassauta notin fidda iska da ke kan filtir, wato matacin mai.
2. A yi ta danna ƙaramin pompon hannu. Mai zai fito da kumfa.
3. In kumfa ta ƙare, a ɗaure notin.
4. A yi haka ga notin da ke jikin babban pompo.
5. In inji bai tashi ba, a sassauta notin tiyon ƙarfe a bakin enjekter biyu, a juya inji har mai ya tsarto, a ɗaure.

Hattara! Kada kowa ya sa hannu wurin da mai ke tsartowa, yana huda fata. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, ba a taɓa tiyonsu na ƙarfe, don ƙarfin mansu ya wuce kima.

Na uku: ta tashi yau, gobe da safe ta ƙi

Wannan alama ce iska na shiga ta wata ƙaramar kafa, mai yana komawa tanki da dare. Hanyoyin Adar masu duwatsu da gargada suna sassauta noti, rana tana tsaga tiyon roba. Akwai kuma ƙananan zobba na jan ƙarfe a mahaɗar tiyo. In an kwance su, a sa sababbi. Kuɗinsu kaɗan ne.

Gwaji mai sauƙi: a zuba mai mai tsabta a bido, a aza shi sama da inji, a jawo tiyo daga ciki zuwa filtir. In mota ta kwana haka ta tashi nan take, ɓarnar tana tsakanin tanki da filtir. A canza filtir kuma, don man da ya jima a tano ko bido yakan ɗauki ƙura da ruwa.

Na huɗu: farin hayaƙi

A nan a tuhumi saitin pompo, wanda makanikai ke kira kalaj. Akwai alama a jikin pompo da ta jikin inji, dole su dace. In mai ya makara, inji na wuyar tashi, yana farin hayaƙi, ba shi da ƙarfi. In ya yi sammako, inji na ƙwanƙwasa. Wannan aikin makaniki ne. A kira wanda ya ɗaura pompo ya sake dubawa.

Na biyar: batir

Yawancin manyan motoci suna da batir biyu, volt 12 kowane, jimla 24. Da sanyin ɗari, a watan Disamba da Janairu, inji na da nauyin juyawa. A kankare bakin batir, a ɗaure shi tam. Kada a juya inji fiye da sakan 15 a jere. A huta minti 2 kafin a sake, in ba haka ba demarer ya ƙone. Kada a zuba esansi a hanyar iska don tilasta wa inji, yana iya fasa shi.

Gaggawa aikin Shaiɗan. Direba mai hankali yana farawa daga abu mai araha. Sai duk waɗannan sun yi daidai, sannan a sake sauke pompo. Bayan gyara kuma, a bar mota ta kwana, a gwada ta da safe, kafin a loda mata albasar jama'a.

Tambayoyi ga ɗalibai

1. Wane abu uku injin gazuwal ke so don ya tashi?
2. Mene ne bambancin rashin hayaƙi da farin hayaƙi?
3. Don me ake gwada mota da safe kafin a yi lodi?