Darasin Lafiya: Tawadar Allah a Jikin Jariri

'Yan'uwa manoma, sa'ad da aka haihu a gida, mata sukan duba jariri daga kai har ƙafa. In suka ga wani baƙin tabo, sai magana ta tashi. Wata ta ce uwar ta yi kwaɗayin wani abu ne ba ta samu ba. Wata ta ce ungozoma ce ta matse shi. Kafin ranar suna ma an fara shawarar kiran wanzami. A darasin nan za mu ga cewa yawancin tabon haihuwa ba ciwo ba ne, aska kuwa ta fi tabon hatsari.

Daga ina tabon yake fitowa?

Akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi cikin fata masu ba ta launi. Tun jariri yana ciki, sukan bazu ko'ina a jiki. Wani lokaci sai su taru wuri ɗaya, ko kuwa su tsaya can ƙasan fata. Shi ne tabon da muke gani. Ba abincin uwa ne ya kawo shi ba, ba kuwa abin da ta gani ba. Saboda haka kada mu ɗora wa kowa laifi.

Iri huɗu da muka fi gani

1. Tabo mai shuɗi-shuɗi ko ruwan toka a ƙugu da ɗuwawu. Wannan ya fi kowanne yawa a cikin jarirai baƙar fata. A waɗansu ƙididdiga ya kai 8 ko 9 cikin 10, amma a cikin Turawa bai kai 1 cikin 10 ba. Ya yi kama da wurin da aka buge, amma ba ya zafi in an taɓa. Yawanci yakan shuɗe da kansa kafin yaro ya isa shiga makaranta.

2. Tawadar Allah, watau baƙin ɗigo ko tabo, wani har da gashi. Wajen jariri 1 cikin 100 ake haifa da ita. Ba ta ɓacewa, takan girma daidai da girman yaro. Ƙarama ba ta da wata damuwa. Babba ƙwarai, wadda ta rufe baya ko cinya, ba a cika samunta ba, sai wajen 1 cikin 20,000.

3. Tabo shimfiɗaɗɗe mai ruwan ƙasa, wanda bai tashi sama da fata ba. Ɗaya ko biyu ba kome ba ne.

4. Jan ƙululu mai taushi. Wannan na jijiyoyin jini ne. Sau da yawa ba a ganinsa ran haihuwa, sai bayan mako biyu ko uku. Yakan yi girma cikin watannin fari, sa'an nan ya riƙa raguwa a hankali cikin 'yan shekaru. Wajen 4 ko 5 cikin 100 suke samunsa.

Abin da ba za mu yi ba

Kada mu yarda a tsaga tabo, ko a ƙona shi, ko a goga masa toka, kanwa, ko man canza launin fata. Jinin jariri kaɗan ne, jan ƙululu kuwa in an yanka yakan zub da jini da yawa. Askar da ba a tafasa ba tana iya kawo cutar sarƙe haƙora, watau tetanus, wadda take kashe jarirai. Ko miki ya warke ma, yakan bar tabo mai tudu wanda ya fi na fari muni.

Yaushe za mu tafi asibiti?

Manomin auduga ba ya fesa magani don ya ga ɗigo ɗaya a ganye, amma yakan koma gona kullum yana dubawa. Haka za mu yi. Mu auna faɗin tabon da zare, mu yanke zaren mu ajiye tare da katin rigakafi. Duk sa'ad da aka kai jariri allura, a mako na 6, na 10, da na 14, mu nuna wa ma'aikacin lafiya. Amma kada mu jira ranar allura idan:

a) Baƙin tabon ya kai santimita 6 a jiki, watau wajen tsawon yatsa, ko santimita 9 a kai.
b) Yana sake kama da sauri, yana jini, ko ya zama miki.
c) Tabo mai ruwan ƙasa ya kai guda 6 ko fiye.
d) Jan ƙululu yana kusa da ido, hanci, ko baki. Tun shekarar 2008 likitoci a Faransa suka gano maganin sha da yake rage shi, ya kuwa fi aiki in an fara da wuri.
e) Akwai tabo, rami, ko curin gashi a tsakiyar gadon baya.

Mu fara da asibitin shan magani na kusa. In akwai bukata za a tura mu babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi. Daga can kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kan hanyar Zariya, inda likitocin fata da na yara suke.

Aikin ƙungiya

Abin da yake hana mutane zuwa asibiti sau da yawa kuɗin mota ne, musamman da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kowa kuma yana gona. Ƙungiyar da take iya haɗa kuɗin taki tana iya ware ɗan abu da kaka domin irin wannan tafiya. Maza kuma su sa baki, gama maigida ne yake kiran wanzami, shi ne kuma yake iya cewa a'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ake faɗa a ƙauyenmu game da tawadar Allah? Wa ake zargi?
2. Waɗanne alamu biyar ne za su kai mu asibiti?
3. Wa za mu aika ya yi magana da ungozoma da wanzamin unguwarmu kafin taro mai zuwa?