Tace Shelar Hanya Kafin Ta Fita: Wajibin Masu Kula da Na'urorin Intanet

Intanet haɗakar cibiyoyin sadarwa ce masu zaman kansu fiye da 70,000, waɗanda suka haɗa da na kamfanonin waya da bankuna da jami'o'i da hukumomin gwamnati, kuma kowace cibiya tana da lambarta da rukunin adireshin da aka ba ta. A bakin iyakar kowace cibiya akwai na'urar da ake kira rauta, wadda aikinta shi ne duba adireshin da ke jikin saƙo ta kuma zaɓa masa hanyar da zai bi. Rauta tana sanin hanyoyin ne daga bakin maƙwabtanta, ta wata ƙa'ida mai suna BGP da Kirk Lougheed da Yakov Rekhter suka tsara a 1989, inda kowace na'ura take sanar da ta kusa da ita adireshin da za a iya kai wa ta wajenta. Wannan sanarwa ita ce shelar hanya.

An gina ƙa'idar a kan amana, domin a lokacin cibiyoyin kaɗan ne kuma masu kula da su sun san juna, saboda haka ba a tanadi hanyar binciken gaskiyar mai shela ba. Lamarin ya yi kama da tashar mota, inda fasinja yake shiga motar da ɗan kamasho ya kira sunan garinsa ba tare da ya nemi shaida ba. Idan ɗan kamashon ya kira Sakkwato alhali motarsa Zariya za ta tsaya, duk wanda ya shiga ya ɓata. Ƙari a kan haka, idan rauta ta ji shela biyu a kan adireshi ɗaya, takan fifita wadda ta ambaci rukuni mafi ƙanƙanta, ko da kuwa mai yin ta ba shi da haƙƙi a kansa.

Wannan ɗabi'a ce ta jawo abin da ya faru ranar 24 ga Fabrairu, 2008, lokacin da kamfanin Pakistan Telecom, a ƙoƙarin toshe YouTube cikin ƙasarsa bisa umarnin hukuma, ya yi shelar rukunin adireshi 256 daga cikin 1,024 da YouTube ke shela. Shelar ta tsallake iyaka zuwa kamfanin PCCW na Hong Kong, shi kuma ya watsa ta duniya, har YouTube ya ɗauke wa mafi yawan jama'a na kimanin sa'o'i biyu. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018 kuwa, kamfanin MainOne da ke Legas ya miƙa wa China Telecom hanyoyin Google da ya samu a mahaɗar musayar intanet ta Nijeriya, sai saƙonnin da suka nufi Google suka riƙa bi ta Rasha da Sin na tsawon minti 74, kuma kamfanin ya bayyana cewa kuskuren saiti ne a yayin gyara. A duka biyun, shelar da ya kamata ta tsaya a gida ce ta fita, kuma magana zarar bunu ce.

Maganin wannan shi ne matata a ƙofar fita, wato jerin ƙa'idodin da ake rubuta wa rauta don ta auna kowace shela kafin ta sake ta. Tushen aikin shi ne rarrabe maƙwabta gida uku: abokin ciniki da ke biyan kuɗi a kai masa saƙonninsa, da takwara da ake musayar saƙonni da shi ba biya, da kuma babban kamfanin da cibiyar kanta ke sayen hanya a wajensa. Abin da ya halatta a sanar wa takwara ko babban kamfani shi ne adireshin cibiyar da na abokan cinikinta kaɗai, amma hanyar da aka ji daga takwara ko daga babban kamfani ba a sanar da ita sai ga abokin ciniki. Don haka ake buga wa kowace hanya tambari tun lokacin shigowarta, mai nuna daga inda ta zo, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa alama, ta yadda matatar za ta gane ta a bakin fita. Dole jerin ya ƙare da umarnin hana duk abin da ba a ambata ba, kuma wannan ne matsayin da takardar ƙa'ida mai lamba RFC 8212 ta ɗauka a 2017, cewa rautar da ba a rubuta mata ƙa'ida ba kada ta karɓi shela daga waje kuma kada ta yi.

Akwai kuma tsarin RPKI, wanda da shi mai adireshi ke sa hannu a wajen hukumar da ta ba shi, kamar AFRINIC mai hedikwata a Moris da ke kula da Afirka, yana bayyana cibiyar da ta cancanci shelarsa. Amfaninsa babba ne wajen kama irin shelar Pakistan, sai dai sa hannun yana tabbatar da asalin shela ne kawai, ba hanyar da ta biyo ba, shi ya sa ba zai kama irin kuskuren Legas ba, inda sunan Google bai gushe daga shelar ba.

Saboda haka ana kira ga duk kamfani ko jami'a ko banki da ke riƙe da lambar cibiya da ya duba rautocinsa na bakin iyaka, ya rubuta matata ga kowane maƙwabci tun kafin a kunna haɗin, ya sabunta jerin duk lokacin da abokin ciniki ya shigo ko ya fita, ya kuma shiga yarjejeniyar MANRS da aka kafa a 2014 don irin wannan ladabi. Kada wanda ya jingina da matatar maƙwabcinsa, domin shelar da ta fita daga ƙofarsa alhakinta a wuyansa yake.