DARASI NA GOMA SHA BIYU: JARIDAR MAKARANTA

Gabatarwa

Ɗalibai, a makarantun sakandare da yawa za ku tarar da wani allo a jikin bango, kusa da ofishin shugaban makaranta ko bakin filin taro. A kan wannan allo ake manna takardu masu ɗauke da labarai da waƙoƙi da zane-zanen da ɗalibai suka yi da hannunsu. A wasu makarantun kuma, ɗalibi ɗaya ko biyu ne ke fitowa gaban taron safe su karanta labarai. Duk waɗannan ayyuka ne na ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta. A wannan darasi za ku koyi ma'anar jaridar makaranta, da amfaninta, da yadda ake rubuta labari, da kuma ƙa'idojin da ya wajaba ɗan jarida ya kiyaye.

Taƙaitaccen Tarihin Jarida

Jarida ta farko a ƙasar da ake kira Nijeriya a yau ita ce *Iwe Irohin*. Wani ɗan mishan mai suna Henry Townsend ne ya fara buga ta da harshen Yarbanci a Abeokuta a shekarar 1859. A Arewa kuwa, jaridar Hausa da ta fi shahara ita ce *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939. Editanta na farko shi ne Malam Abubakar Imam, marubucin *Ruwan Bagaja* da *Magana Jari Ce*. Kafin ya kama aikin jarida, malamin makaranta ne a Midil ta Katsina. Kwabo ɗaya ake sayar da jaridar, kuma sunanta yana nuna cewa gaskiyar da ke cikinta ta fi kuɗin da aka biya daraja.

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu domin waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa. Akwai *Zaruma* ta Sakkwato, da *Himma* ta Katsina, da *Sodangi* ta Kano, da *Ardo* ta Lardin Adamawa. A wancan zamani Jalingo da sauran ƙasar Muri suna cikin Lardin Adamawa ne. An ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Jalingo babban birninta.

Ɗalibai ma sun daɗe suna buga nasu jaridun. Chinua Achebe, wanda aka buga littafinsa *Things Fall Apart* a 1958, ya fara fitar da gajerun labaransa a mujallar ɗalibai ta *University Herald* a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, har ya zama editanta. A wannan kwaleji kuma J. P. Clark ya kafa mujallar waƙoƙi mai suna *The Horn* yana ɗalibi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Mece ce Jaridar Makaranta?

Jaridar makaranta ita ce wadda ɗalibai ke tattara labaranta, su rubuta, su tace, su fitar, bisa kulawar wani malami. Tana iya zuwa ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce jaridar bango, wadda ake mannawa a allo. Ta biyu ita ce labaran da ake karantawa a taron safe. Ta uku ita ce mujallar da ake bugawa a ƙarshen zango ko ƙarshen shekara. Jaridar bango ta fi sauƙin kuɗi, domin ba ta bukatar komai sai takarda da biro da gam da kyakkyawan rubutu.

Ana raba aikin jarida tsakanin mutane da dama. Edita shi ne shugaba, shi ke zaɓar abin da za a buga. Wakilai su ne masu zuwa neman labari a azuzuwa da filin wasa da ɗakin karatu. Mai tacewa yana gyara kurakuran nahawu da ƙa'idojin rubutu. Mai zane yana ƙawata shafi. Malami mai ba da shawara kuma yana duba aikin kafin a fitar da shi.

Amfanin Jaridar Makaranta

Da farko, tana sanar da ɗalibai abin da ke faruwa: ranar jarrabawa, sakamakon gasar muhawara, zuwan sabon malami, da sauransu. Na biyu, tana ilimantarwa, domin ana iya yin bayani a cikinta kan tsafta ko zazzaɓin cizon sauro ko illar satar amsa. Na uku, tana nishaɗantarwa da kacici-kacici da tatsuniyoyi da barkwanci. Na huɗu, ita ce muryar ɗalibai. Idan rufin aji yana yoyo, ko kujeru sun yi kaɗan, jarida za ta iya sanar da hukumar makaranta cikin ladabi.

Akwai wani amfani na musamman ga ku masu koyon Hausa. Ku dubi unguwar Sintali a cikin garin Jalingo. A aji ɗaya za a iya samun Bafulatani da Bamumuye da Bajukune da ɗan Wurkun da ɗan Jenjo da Batibi, kowa da harshen da yake yi a gida. Hausa ce yawancinsu ke amfani da ita a kasuwa da tasha da filin ƙwallo. Amma jin Hausa daban, rubuta ta daban. Wanda ke rubuta labari kowane mako dole ya bambanta *baki* da *baƙi*, da *kafa* da *ƙafa*, da *dauri* da *ɗauri*. Dole kuma ya san jinsin kalma, ya rubuta "makaranta ta buɗe", ya rubuta "aji ya cika". Ta haka hannunsa zai faɗa da rubutu. Jaridar kuma za ta iya ware wani gurbi inda ɗalibi zai kawo karin maganar harshensu ya bayyana ma'anarta da Hausa, domin kowa ya san al'adar ɗan'uwansa.

Yadda Ake Rubuta Labari

Kowane cikakken labari yana amsa tambayoyi shida: Me ya faru? Wa abin ya shafa? A ina ya faru? Yaushe ya faru? Don me ya faru? Ta yaya ya faru? Ana fara labarin jarida da abin da ya fi muhimmanci, sannan a biyo da ƙarin bayani. Wannan ya bambanta da tatsuniya, wadda ke ɓoye ƙarshenta sai an zo rufewa.

Ga misali. A ce kuna karatu a wata makaranta a Sintali, sai famfon tuƙa-tuƙa na makarantar ya lalace har tsawon mako uku. Ɗalibai suna fita waje neman ruwa, suna makara shiga aji. Sai magana ta fara yawo cewa an ba da kuɗin gyara amma wani ya cinye. Edita ya tura ku nemo labari. Me za ku yi?

Mataki na farko, ku je wurin famfon ku gani da idonku, domin gani ya kori ji. Mataki na biyu, ku tambayi ɗaliban da abin ya shafa, maza da mata, manya da ƙanana, ku rubuta abin da suka faɗa daidai yadda suka faɗa. Mataki na uku, ku nemi izinin ganin shugaban makaranta ko malamin da ke kula da kayan makaranta, ku gaishe shi, ku gabatar da kanku, sannan ku yi tambayarku. Mataki na huɗu, ku kwatanta bayanan da kuka samu. Idan babu wanda ya iya ba ku hujja a kan zancen cinye kuɗi, to, jita-jita ce, kada ta shiga labarinku. Bayan haka kuna iya rubuta abu kamar wannan:

*ZA A GYARA FAMFON MAKARANTA*

*Shugaban makaranta ya ce za a gyara famfon da ya lalace kafin ƙarshen wannan mako. Ya faɗi haka ne jiya Litinin a ofishinsa, lokacin da yake amsa tambayoyin wakiliyarmu. Ya bayyana cewa wani ƙarfe ne ya karye a cikin famfon, kuma sai yanzu mai gyara ya samo irinsa. Famfon ya yi mako uku ba ya aiki. Wata ɗaliba 'yar aji biyu ta shaida mana cewa rashin ruwan yana sa su makara shiga aji bayan hutun tara. Shugaban ya roƙi ɗalibai su daina lilo da hannun famfon idan an gyara shi.*

Ku lura da cewa marubuciyar ba ta saka ra'ayinta ba. Ta faɗi matsalar, ta faɗi wanda ya ba ta kowane bayani, ta kuma bar kowane ɓangare ya yi magana. Aikinta bai ƙare a nan ba. Idan mako ya ƙare, sai ta koma ta duba ko an cika alkawari, ta sake rubuta abin da ta gani. Wanda ke son bayyana ra'ayinsa, sai ya rubuta sharhi, a sa shi a gurbi daban tare da sunansa.

Ƙa'idojin Aikin Jarida

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗar albarkacin bakinsa. Sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafofin yaɗa labarai nauyin sa ido kan yadda gwamnati ke sauke haƙƙin jama'a. Ana kuma bikin Ranar 'Yancin 'Yan Jarida ta Duniya ranar 3 ga Mayu kowace shekara. Sai dai 'yanci yana tafiya da nauyi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Saboda haka ku kiyaye waɗannan:

1. Ku tantance kowane labari daga majiya fiye da ɗaya kafin ku buga.
2. Ku ji ta bakin wanda ake zargi, ko malami ne ko ɗalibi.
3. Kada ku ɓata sunan kowa, kada kuma ku tona asirin rashin lafiyarsa ko halin gidansu.
4. Kada ku rubuta abin da zai muzanta addini ko ƙabilar wani. A jiha mai ƙabilu da harsuna masu yawa kamar Taraba, jimla ɗaya ta ganganci tana iya raba abokai, har rigimar ta fita daga makaranta ta shiga unguwa.
5. Kada ku kwafi rubutun wani ku ce naku ne.
6. Kada ku karɓi kyauta domin ku yabi wani ko ku ɓoye laifinsa.
7. Idan kun yi kuskure, ku gyara shi a fitowa ta gaba, ku ba da haƙuri.

Waɗannan ƙa'idoji sun shafi abin da kuke gani a wayar salula. Saƙon da aka turo ta WhatsApp ko Facebook ba hujja ba ne, sai an san wanda ya faɗa da inda ya samo.

Ma'anar Kalmomi

*edita*: shugaban masu shirya jarida
*wakili*: mai nemo wa jarida labari
*majiya*: mutum ko takardar da aka samo labari daga gare ta
*kanu*: gajeren rubutun da ke saman labari
*sharhi*: rubutun da ke ɗauke da ra'ayin marubuci
*jita-jita*: maganar da ke yawo ba tare da hujja ba
*tantance*: bincika abu don a tabbatar da gaskiyarsa
*muzanta*: wulaƙanta ko kunyata

Nazarin Harshe: *an* da *aka*

'Yan jarida suna amfani da *an* idan ba a ambaci wanda ya yi aiki ba: *An gyara famfo.* Amma bayan kalmar tambaya, ko idan an gabatar da wata kalma don ƙarfafa ta, ko bayan *da* mai ƙarin bayani, sai *an* ta koma *aka*:

*Yaushe aka gyara famfo?*
*Jiya aka gyara famfo.*
*Famfon da aka gyara yana aiki.*

Haka kuma *sun* takan koma *suka*: *Ɗalibai sun zo. Yaushe suka zo?*

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara buga *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, kuma wane ne editanta na farko?
2. Wace jarida aka riƙa buga wa Lardin Adamawa?
3. Kawo hanyoyi uku da jaridar makaranta ke fitowa.
4. Mene ne bambancin labari da sharhi?
5. Don me marubuciyar labarin famfo ba ta saka zancen cinye kuɗi ba?
6. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Magana zarar bunu ce."
7. Cike gurbi da *an* ko *aka*: (a) ____ buɗe makaranta. (b) A ina ____ yi taron? (c) Littafin da ____ saya ya ɓace.

Aikin Aji

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum biyar. Kowane rukuni ya zaɓi edita da wakilai biyu da mai tacewa da mai zane. Ku nemo labari ɗaya na gaskiya daga cikin makarantarku, ku rubuta shi cikin jimloli shida zuwa takwas, ku tabbatar ya amsa tambayoyin nan shida. Ku nuna wa malaminku ya duba, sannan ku manna a bangon aji.