Fadar Gyeongbokgung: Ta Cancanci Ziyara?

Mai sauraronmu daga Maraɗi na tambaya ko fadar Gyeongbokgung ta birnin Seoul a Koriya ta Kudu ta cancanci ziyara, tunda an ce ba ginin asali ba ne. To Malam, ta cancanta. Gaskiya ne, fadar da daular Joseon ta gina a 1395 ta ƙone lokacin mamayar Japan a 1592, sai a 1867 aka sake gina ta, sannan 'yan mulkin mallakar Japan suka rushe yawancinta. Amma ai rusau ɗin ma tarihi ne, kuma gyaran da aka fara a 1990 tsohon tsarin yake bi. In tsufan gini kake nema, ga fadar Changdeokgung nan kusa, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1997.